Abin da aka faɗa kan zaman wurin aiki a Kumasi

'Yan'uwa, maganar da muka yi kan abin da ke gyara zaman maigida da yaransa a wurin aiki ta yi tsawo, ga abin da na tsinto.

1. Kusan kowa ya yarda halin maigida shi ne halin wurin. Idan ya makara, yara ma za su makara.

2. Biyan albashi a kan lokaci. Nan aka fi daɗewa. Masu shago a kasuwar Kejetia da makanikan Suame Magazine, wato unguwar masu gyaran mota, sun ce yaron da ake ja wa rai a kuɗinsa ba ya riƙe amana, kuma da ya ƙware zai tafi da masu ciniki. Wani ya tuna mana dokar ƙwadago ta Ghana ta 2003: awa 40 a mako, hutun shekara aƙalla kwana 15. Wurare nawa ke bin wannan a unguwar Aboabo? Allah masani.

3. A yi faɗa a keɓe, yabo a gaban mutane.

4. A ware lokacin sallar Juma'a, a kuma mutunta Lahadin abokan aiki Kirista.

Inda aka rabu shi ne ɗaukar dangi aiki. Dattawa sun ce naka sai naka. Matasa sun ce ɗan'uwa ba ya koruwa ko ya yi ɓarna. Ni dai na fi karkata ga matasan.