Wa ya buɗe wa baƙi ƙofa, Bitrus ko Bulus?

Gasar waƙa ce a zauren hira ta waya, kan wanda ya fara shigar da baƙi, wato al'ummai waɗanda ba Yahudawa ba, cikin ikilisiya. Yakubu a nan shi ne ɗan'uwan Yesu, jagoran ikilisiyar Urushalima.

Mai Garaya:
A Yafa Bitrus ya hau soro, yunwa na cinsa,
Ga mayafi cike da dabbobi an sauko gabansa,
Sau uku aka kwaɓe shi a kan ƙyamarsa,
Ya tashi sai gidan Karniliyas, sojan Romawa.

'Yar Shunayya:
Yaya, ka yabi Bitrus, rabin labari ka mance,
A Antakiya da al'ummai yake ci, ana zance,
Mutanen Yakubu na isowa ya tsame hannu ya kauce,
Bulus ya tsare shi ido da ido a gaban kowa.

Ɗan Tasha: Kai! An kwance wa Mai Garaya zani a kasuwa. Ni dai ina bayan Yaya Shunayya.

Mai Garaya:
Gwanin naki shi ya yi gadin rigunan masu jifa,
Ran da Istifanas ya faɗi bai ko ɗaga ƙafa,
Bitrus ya yi tuntuɓe, amma shi ya buɗe ƙofa,
Ɗangonki na uku kuwa, ƙanwata, har da rarrafawa.

Baba Katikis: Ku biyun duk kun karya kari, kada gurgu ya yi wa gurgu dariya. Kuma kun tsallake Filibus mai bishara a Littafin Ayyukan Manzanni.
Kafin sura ta 10 akwai ta 8, yarana,
A hanyar Gaza, cikin hamada, cikin rana,
Ma'ajin Kandakatu ya ce ga ruwa, me zai hana?
Mutumin Habasha ya riga Barome shiga ruwa.

Na Kassala: Baba, a gafarce ni. Sarauniyar nan, Kandakatu, a Meroe take mulki, cikin Sudan ta yau. Namu ne, kada a miƙa wa Addis Ababa.

Ɗan Tasha: To, rabon gado ya tashi.

'Yar Shunayya: Caji ne ya ƙare, ba gudu na yi ba.
Wajen shekara ta 49 aka zauna a Urushalima,
Aka ce baƙo ba sai da kaciya ba, ya yi baftisma,
Ya bar jini, maƙararre, yankan gunki, fasikanci ma,
Hukuncin daga bakin Yakubu, Yaya, daina fariya.

Mai Garaya: "Fariya" ba ta amsa "wa" ba. Kin sauka daga amsa-amo. Kuma a taron nan wa ya miƙe ya kare baƙi? Bitrus.

'Yar Shunayya: Baba, ƙirga mana gaɓoɓin ɗangonsa na farko.

Baba Katikis: Na ƙirga sau biyu, kowanne da abin da ya ba ni. Ku sake baitocin duka.