Ba ni da digiri: wace takardar shaidar ƙwarewa a fannin kwamfuta ya kamata in nema?

Ɗan Fagge:

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka riga ni shiga wannan fanni. Karatuna ya tsaya a sakandare, kuma shekara biyar ke nan ina shagon maigidana a Kano muna gyaran kwamfuta: mu canza allo da batir, mu ɗora manhaja, wani lokaci kuma a kira ni in ja wayoyin intanet a makaranta ko otal. Aikin na iya shi, amma duk inda na je neman aiki takarda ake fara tambayata. Na tara kuɗin da zai ishe ni jarrabawa guda ɗaya tak, kuma na rasa wadda zan ɗauka tsakanin A+ ta ƙungiyar CompTIA, wadda ta shafi gyaran kwamfuta, da CCNA ta kamfanin Cisco, wadda ta shafi haɗa tsarin sadarwa tsakanin kwamfutoci, ga kuma abokaina suna ta ja na zuwa fannin tsaron intanet domin sun ce a can kuɗi yake. Wacce za ta fi yi mini amfani?

Abu Hafsa:

Wa alaikumus salam. Ƙanena, ni ma ta wannan hanya na biyo, don haka zan gaya maka abin da na gani da idona. A+ an tsara ta ne domin mai farawa, kuma yawancin abin da ke cikinta, kamar sassan kwamfuta, tsarin Windows da gano matsalar na'ura, hannunka ya riga ya saba da shi. Bayan haka, jarrabawa biyu ce, kowacce ana biyan kuɗinta daban, kuma sai ka ci duka biyun za a ba ka shaidar, alhali kai kuɗin guda ɗaya ka ce kana da shi.

CCNA kuwa jarrabawa ɗaya ce mai lamba 200-301, ana yin ta cikin sa'a biyu, kuɗinta dala 300, kuma ba a neman wata takardar makaranta kafin mutum ya zauna mata. Za ta koya maka abin da shago ba zai koya maka ba: yadda ake rarraba adireshin IP (lambar da ake gane kowace na'ura da ita a tsarin sadarwa) zuwa ƙananan rukunoni, yadda rauta (na'urar da ke haɗa tsarin sadarwa ɗaya da wani) ke zaɓar hanyar da saƙo zai bi, da yadda ake raba ma'aikata ɗaya gida-gida a kan na'ura guda don kada sashen kuɗi ya cakuɗu da na baƙi. Tunda ka riga ka fara jan wayoyi, rabin tafiyar ka yi. Ka sauke Packet Tracer, manhajar kwaikwayon tsarin sadarwa wadda Cisco ke bayarwa kyauta ga duk wanda ya yi rajista da makarantarsu ta intanet, ka riƙa gina tsarin sadarwa a cikinta kana lalata shi kana gyarawa kowane dare. Ranar da na je intabiyu, mutumin da ya gana da ni kallo ɗaya ya yi wa satifiket ɗina ya ajiye gefe, ya turo mini rauta da kebul da laftof, ya ce kwamfutoci biyun da ke kan tebur sun daina ganin juna, in gano dalili. Minti ashirin na yi ina gumi kafin na ga an yi kuskure wajen rubuta adireshin ƙofar fita, wato adireshin rautar da kwamfuta ke miƙa wa saƙon da zai fita daga rukuninta, kuma wannan gyaran ne ya ba ni aikin.

Maman Khalil:

Ban ƙi maganar Malam Abu Hafsa ba, amma a matsayina na wadda ta yi shekaru tana tantance takardun masu neman aiki, ina so ka san iyakar abin da za ka saya. A aikin gwamnati da manyan bankuna, guraben da aka ware wa masu digiri ko babbar difloma suna tafiya ne da takardar bautar ƙasa, kuma CCNA ba ta maye gurbinta. Inda take buɗe ƙofa shi ne kamfanonin samar da intanet, 'yan kwangilar kafa kayan sadarwa, makarantu da asibitoci masu zaman kansu. Kafin ka biya ko sisi, ka tara tallace-tallacen aiki guda ashirin na irin aikin da kake so, ka ƙirga sunan da ya fi maimaituwa. Idan kuma kana da hali nan gaba, ka haɗa da karatu a Buɗaɗɗiyar Jami'a ta Ƙasa, tunda ba sai ka bar shago ba.

Wani abin da ke ba ni takaici shi ne yaran da ke zuwa da takardar halartar kwas daga wata cibiya suna zaton sun mallaki shaidar Cisco. Ta gaskiya sai an zauna jarrabawa a ƙarƙashin kamfanin Pearson VUE, kuma mai ɗaukar aiki yana iya tabbatar da ita a intanet.

Injiniya Sabon Gari:

Game da tsaron intanet, kada ka yi gaggawa. Wanda bai san yadda saƙo ke tafiya tsakanin na'urori ba, ba zai iya tsare shi ba, shi ya sa ko CompTIA kanta take ba da shawarar a san harkar sadarwa kafin a nemi Security+, shaidarta ta fannin tsaro. CISSP, babbar shaidar tsaron intanet da ake yawan ambata, ita kuwa tana buƙatar shekara biyar ta aiki a fannin. Ka kuma guji haddace tambayoyin sata da ake yaɗawa a WhatsApp, domin ana iya soke shaidar wanda aka kama. Ka sani CCNA shekara uku take yi kafin a sabunta ta.

Ɗan Fagge:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na sauke Packet Tracer jiya da dare, kuma na fara tara tallace-tallacen kamar yadda Hajiya ta ce. Malam Abu Hafsa, ya fi kyau in zauna jarrabawar a gida ta intanet ko in je cibiya?

Abu Hafsa:

Ka je cibiya. A gida mai sa ido yana kallonka ta kyamara daga farko har ƙarshe, kuma idan wuta ta ɗauke ko intanet ya yanke ko wani ya leƙo ɗakin, ana iya tsayar da jarrabawar. Ka tabbatar sunan da ka yi rajista da shi ya yi daidai da wanda ke kan katin shaidarka, harafi da harafi.