Bargon faci na kakarmu: in yanka ko in bar shi?

Jikar Kaka: Assalamu alaikum masu sana'ar hannu, shawara nake nema. Akwai wani bargo da kakarmu ta ɗinka da hannunta, irin wanda ake harhaɗa ragowar ƙyallaye a yi fuska, a shimfiɗa auduga a tsakiya, a sa shafi a baya, sannan a bi shi da ƙananan ɗinki. Bayan rasuwarta ni aka bar wa. Gefe ɗaya ya ci sosai har auduga na leƙowa, kuma duk inda ƙyalle mai ruwan ƙasa yake, da an taɓa sai ya marmashe. Tsakiyar kuwa garau take. Mu huɗu ne mata, ina so kowacce ta samu wani abu na hannun Kaka, ko rigar matashi ko 'yar jaka. Amma na kasa ɗaukar almakashi. Ta ina zan fara? Kuma wanki ne farko ko yanka?

Hajiya Mai Keke: Wa'alaikumus salam 'yata, Allah Ya jiƙan Kaka. Wanki ne farko, amma ki fara gwada rinin. Jiƙa farin ƙyalle ki danna a kan kowace kala, musamman ja. In ya ɗauko launi, bargon yana zuba, kada ki tsoma shi a ruwa, ki kakkaɓe shi a hankali ya sha iska a inuwa. In bai zuba ba, ruwan sanyi da sabulu mara ƙarfi, a babban baho. Ban da cuɗawa, ban da murɗewa, ban da inji. Jiƙaƙƙen bargo nauyi gare shi, in kika rataye shi a igiya nauyinsa kaɗai zai tsinka zaren. Ki ɗauke shi a cikin zanen gado, ki shimfiɗa a kwance.

Mai ruwan ƙasan nan ki haƙura da shi. A da, rinin baƙi da na ruwan ƙasa da yawa da sinadarin ƙarfe ake kama su, shi ne ke cin zaren auduga a hankali, ba ya gyaruwa.

Abin da na fi so ki riƙe shi ne wannan: ɗinkin hannu zare ɗaya ne yake tafiya mai nisa, kina yanke shi zai fara warwarewa. Don haka ki zana girman da kike so da alli, ki bi layin da keke, ɗinki ƙanana, sannan ki yanka a wajen layin, ki bar kamar santimita ɗaya da rabi. Kafin zanen ma ki ɗaga bargon ta wajen haske, inda ya yi shara-shara zai nuna kansa, sai ki kauce masa.

Malam Mai Tarihi: Hajiya ta gama magana a kan aiki. Ni roƙona, ƙanwata, kada ki yi gaggawa. Abin da aka yanka ba ya komawa. A wani ƙauye mai suna Gee's Bend a jihar Alabama ta Amurka, mata baƙaƙen fata sun daɗe suna haɗa barguna da tsofaffin wandunan aiki don maganin sanyi kawai. A 2002 aka baje kolinsu a gidan adana kayan fasaha na Houston, daga nan zuwa wani makamancinsa mai suna Whitney a New York, a 2006 kuma hotunansu suka hau kan sarki na gidan wayar ƙasar. Ba cewa nake naku zai kai can ba. Amma yadda Kaka ta jera kalolin nan tun daga gefe zuwa gefe, wannan tunaninta ne, kuma a cikakken bargo kaɗai ake ganinsa. In yankan ya zama dole, ki shimfiɗa shi ki ɗauki hotonsa gaba da baya tukuna, ki ba kowacce.

Anti Sarƙa da Allura: Malam, ina ganin girmanka, amma ba ni tare da kai gaba ɗaya. Bargon da kashi ɗaya cikin uku ya mutu, in an ninke an ajiye, asu da fumfuna ne za su gaje shi. Ita kanta Kaka ai yanka ta yi ta haɗa. Matan Bengal, a Indiya da Bangladesh, tsofaffin zannuwansu suke jerawa su bi da ɗinki su fitar da abin da suke kira kantha. Manoman arewacin Japan, inda sanyi ya hana auduga fitowa, faci a kan faci suke yi wa tufa ɗaya har jikoki, shi ne boro. Sana'ar tun asali ta sake amfani ce.

Sai dai jaka ban ba ki shawara ba. Jaka tana ɗaukar kaya, tana gogar jiki, tsohon yadi ba zai jure ba. In wata ta nace, ki yi jikin jakar da hannunta da sabon yadi mai kauri, na Kaka ya zama ado a gaba. Rigar matashi ta fi, ki sa mata sabon shafi daga ciki don shi ya ɗauki wahala. Guntun da ya fi kyau amma ya yi rauni kuma ki sa shi a firam, kawai kada ya manne da gilashin, kada kuma a rataye inda rana ke dukansa.

Jikar Kaka: Na gode ƙwarai iyayena. Na gwada, jan bai zuba ba. Zan ɗauki hoton kamar yadda Malam ya ce, in fitar da rigunan matashi uku da firam ɗaya. Anti, ƙyallen gam ɗin nan da teloli ke mannawa da dutsen guga, in sa a baya don ƙarfi?

Anti Sarƙa da Allura: A'a 'yar'uwa, ba a kan wannan ba. In ya manne ba ya fita sai da zaren yadin, zafin gugar kuma yana iya zaunar da tsohon tabo har abada. Ki samu farin yadin auduga mara nauyi, ki wanke shi tukuna don ya gama shiga, ki ɗora a baya ki kama da ɗinkin hannu. Allurar keken ma ki sa sabuwa siririya, dakusasshiya tana fasa tsohon zare.