Lambar tafiyar Corolla ta ta tsaya a 299,999, ga yaro kuma ya kai Sabbi

Baban Yara, Aboabo:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Dan Allah masu sanin mota ku taimaka min. Ina da Corolla ƙirar 2004, shekara tara kenan tana hannuna, hom yus (wato wadda aka yi amfani da ita a ƙasar waje) na saye ta, ita ke kai yara makaranta da safe ita ke kai uwargida kasuwar Kejetia a nan Kumasi sayen kaya, a cikinta muka ɗauko autarmu daga asibiti. Tun watan jiya na ga lambar tafiyar ta kusa 300,000 sai na gaya wa yara, kullum in za mu fita babban sai ya leƙo ta bayan kujera ya karanta min saura nawa. Ranar Asabar saura kilomita shida, na kwashe su duka muka kama hanyar Tafo, uwargida ta saita waya za ta ɗauki hoto, tana kai 299,999 sai ta tsaya cak. Muka je muka dawo ba ta motsa ba. Wallahi sai da idon yaron nan ya kawo ruwa. Lalacewa ta yi ko alama ce injin ya gaji? Dama tana ɗan shan baƙin mai.
Sai na biyu, shi wannan yaron ya kai Sabbi a makarantar allo, izu ɗaya cif, ita kuma auta a satin ta fara takawa. Ina so in yi musu 'yar walima in kai su tafkin Bosomtwe amma yayana ya ce izu ɗaya ba sauka ba ce, in tara kuɗin in canza mota. Me kuka gani?

Fita (makanike) daga Magazin, unguwar makanikai ta Suame:
Wa alaikumus salam maigida, kwantar da hankalinka, babu abin da ya sami injinka. Haka Corolla na 2003 zuwa 2008 da aka shigo da su daga Amurka da Kanada suke, lambar ba ta wuce 299,999, har Matrix da Pontiac Vibe na shekarun duk jirgi ɗaya ya kwaso su. Mun sha gani a nan Suame. Ƙaramar lambar nan da kake gogewa ta koma sifiri tana nan tana aiki, da ita za ka riƙa lissafin lokacin juyen mai, ka ajiye ɗan littafi a mota kana rubutawa. Injin nan sarƙa gare shi ba bel ba, in bai rasa mai da ruwa ba zai daɗe. Shan mai kuwa ka ja sandar awon mai kowace Juma'a kafin ka tada ta, in ya sauka ka cika, kada ka jira jan wuta ta kama. Amma kafin Bosomtwe ka kawo a duba birki, wannan gangaren daga Kuntanase zuwa Abono ba wasa ba ne, ka sa ƙaramar giya ka sauka a hankali, kada ka danne birki tun daga sama har ƙasa, zafi zai yi.

Hajiya Mai Masa, Asawase:
Ɗana, ni ban san komai a mota ba amma na san yara. Ka yi wa yaron nan walimarsa. Mu da muna ƙanana a Zango in mutum ya kai sabuwar babbar sura sai uwa ta soya masa ko ƙosai a kai makaranta sadaka, malam ya sa hannu a kanka ya yi addu'a, sauran yara su ci su yi amin. Har yau ina tuna farantin da aka kai ranar tawa, mai zanen ja, da yadda na ɗauki allona na dawo gida kamar ƙafata ba ta taɓa ƙasa. Izu 60 ne Alƙur'ani, yaron da ba a yaba masa a na fari ba da wane ƙarfi zai ja saura 59? Ba kuɗi ne mai yawa ba, gero mudu biyu, sobolo a sanyaya, a kira malaminsa da kakarsa. Ita kuma auta a saya mata takalmi mai ƙara. Allah ya raya maka su.

Direban Tamale:
Amin Hajiya. Amma ɗan uwa kada ka ga laifin yaya, shi ma iyalinka yake tausaya wa. Ni hanyar Techiman, Kintampo zuwa Tamale nake bi kullum, na ga abin da tsohuwar taya ke yi. Ka duba gefen tayoyinka akwai lamba huɗu, biyun farko mako ne biyun ƙarshe shekarar da aka yi ta, hom yus da yawa sun tsufa tun kafin su iso tashar jiragen ruwa ta Tema. Takardar DVLA (hukumar lasisin motoci) ta shekara-shekara da inshora kuma kada su mutu a hannunka. Ka yi walima, ka kuma fara ajiye wani abu a susu (adashe) kowane wata saboda ranar da za ta ce ta gaji.

Baban Yara, Aboabo:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Jiya na kai ta Magazin, an canza birkin gaba, tayar baya ɗaya ashe ta 2016 ce, na cire ta nan take. Na je wajen yaya na nuna masa abin da kuka rubuta, bai ce komai ba sai ya tambaya wace rana ce, ya ce shinkafar waken a kansa take. Lahadi in sha Allah bayan an kai sadaka makaranta za mu wuce tafkin. Littafin motar kuma na ba yaron, shi zai riƙa rubutawa, tun yau da safe ya buɗe shafin farko ya sa 299,999 a sama, a ƙasa ya rubuta kilomita 4, gida zuwa makaranta.