Kuɗin renon yara a Ingila: wa ya samu tallafi, kuma ta yaya?

Sabuwar uwa, Manchesta:
Assalamu alaikum iyayena da yayyena. Hutun haihuwata zai ƙare a farkon Maris, lokacin yarinyar tana da wata goma. Na leƙa gidajen reno uku, kuɗin da suka faɗa min na wata ya kusa lashe albashina kakaf, har na fara tunanin ajiye aikin. Da a Zariya ne, goggo za ta goye ta ba sai an roƙa ba. Nan kuwa daga ni sai maigidan, shi ma aiki yake. Don Allah wadda ta taɓa samun tallafin gwamnati ta faɗa min yadda ta yi.

Ma'aikaciyar jinya, Bamingham:
Wa alaikumus salam ƙanwata, Allah ya raya. Kafin komai duba bizarki. Idan an sa miki sharaɗin nan na NRPF, wato ba ki da hakkin cin kuɗin tallafin gwamnati, to yawancin abin da kike ji ana faɗa ba da ke ake ba. Mu da bizar aiki muka zo. Na cika takardar neman awa 30 na renon yara da gwamnati ke biya a mako da murnata, aka mayar min da amsa cewa ban cancanta ba, alhali ana cire min haraji duk wata kamar kowa. Abin ya yi min ciwo, har yau yana yi. Shekara biyu ina aikin dare, maigida na aikin rana. A bakin ƙofa muke haɗuwa, ya miƙo min yaro, in kwana ban rintsa ba in wuni ina reno. Sai da yaron ya cika shekara uku muka samu awa 15 a mako, don wannan na kowane yaro ɗan shekara uku da huɗu ne a Ingila, ba ruwansa da irin bizar iyaye. Kuma ki kiyayi Child Benefit (kuɗin tallafin yara) da Universal Credit (tallafin masu ƙaramin ƙarfi) in kina da wannan sharaɗi. Karɓarsu na iya ja miki matsala ranar sabunta biza.

Baban 'yan biyu, Landan:
Mu mun samu awa 30 bayan an ba mu takardar zama ta dindindin. Tun Satumbar 2025 ana ba iyaye masu aiki daga wata tara har yaro ya shiga makaranta. Sharaɗin shi ne kowannenku yana samun aƙalla kuɗin awa 16 a mako a mafi ƙarancin albashi, kuma babu wanda ya haura fam 100,000 a shekara.

Abin da ya kayar da ni kwanan wata ne. Tallafin ba ya farawa ranar da aka ba ka lambar shaidar cancanta da za ka kai wa gidan reno, sai farkon zangon karatu: 1 ga Janairu, 1 ga Afrilu ko 1 ga Satumba. Na yi sakaci sai 3 ga Janairu na nema, muka biya kuɗin yara biyu daga aljihunmu har Afrilu. Ke Malama, lambar ta kasance a hannunki kafin 31 ga Maris, kuma ki tanadi kuɗin watan Maris ɗin. Sannan awa 30 ɗin ta mako 38 ce kawai. In gidan renon ya baza ta a kan shekara duka, kusan awa 22 take komawa. Abinci da kunzugu kuma daban suke caja.

Akanta, Lesta:
Ku ƙara da Tax-Free Childcare, ana haɗa shi da awa 30. Asusu ne, ki zuba fam 8 gwamnati ta ɗora fam 2, har fam 500 duk wata uku ga kowane yaro. Da shi nake biyan ragowar kuɗin. Duk wata uku sai an shiga an tabbatar da bayanai, ni a waya na sa ƙararrawa.

Uwar marayu, Bradfod:
Ni a kan Universal Credit nake tun rasuwar babansu. Suna mayar min da har kashi 85 cikin 100 na kuɗin reno, amma sai na fara biya na kai shaida. Watan farko 'yar'uwata ce ta ranta min. Daga baya na ji ashe akwai taimakon kuɗin farko in ka tambayi jami'inka a ofishin neman aiki. Universal Credit ba a haɗa shi da asusun Tax-Free Childcare da Anti akanta ta ambata, ɗaya za ki zaɓa. Wani abu kuma: akwai wata Hajiya a layinmu da yarana suka shaƙu da ita, Hausa take yi musu, amma ba ta da rajistar Ofsted, hukumar da ke sa ido kan masu renon yara, don haka ko sisi ba a biya ta wajenta. Na so ƙwarai ta yi rajistar.

Sabuwar uwa, Manchesta:
Allah ya saka da alheri, ya jiƙan maigidanki Yaya. Na duba, tawa bizar tana da sharaɗin. Amma shi maigidan a nan aka haife shi, fasfon ƙasar gare shi.

Ma'aikaciyar jinya, Bamingham:
Alhamdulillah, to kin tsira. Shi zai nema da sunansa, ya sa bayanan aikinki a ciki. Ki zaunar da shi yau da daddare, lambar inshorar ƙasa ta kowannenku a kusa. Gobe kuma ki kira gidan renon ki kama gurbi, don na jarirai shi ke fara cika.