"Da ruwan ciki ake jan na rijiya": wane ruwa ake nufi?

Malam Sabo: Jama'a, yawanci a kan jari ake kawo wannan karin: ba ka da ko sisi, ba za ka jawo riba ba. Ni a ganina zancen buƙata ne. A 1943 masanin halayyar ɗan Adam Abraham Maslow ya jera buƙatun ɗan Adam hawa biyar: ci da sha da barci, sai tsaro, sai ƙauna da zama cikin jama'a, sai mutunci, daga ƙarshe mutum ya fito da baiwarsa har iyakarta. Wanda ƙishirwa ta galabaitar ba zai iya jan guga ba.

Hajiya Rabi: Malam, na yarda da rabin zancenka. Dalar da ake zanawa don nuna hawa biyar ɗin nan ba Maslow ne ya zana ta ba, kuma shi da kansa ya ce ba sai hawa ɗaya ya cika taf kafin na gaba ya taso ba. Karin ma bai ce sai ciki ya cika ba. A 2011 masu bincike Tay da Diener sun duba bayanan ƙasashe 123, suka ga mutum yana amfana da zumunci da girmamawa ko yana cikin rashi. Duk wanda ya kawo karin don ya ce talaka ba shi da buri sai na tuwo, ya zalunci karin, ya zalunci talakan.

Dakta Auwal: Ni na fassara ruwan ciki da natsuwa. A binciken da Anandi Mani da abokan aikinta suka wallafa a 2013, an gwada kaifin tunanin manoman rake 464 a Tamil Nadu ta Indiya sau biyu: kafin girbi, aljihu a bushe, da bayan an biya su. Mutanen ba su canza ba, amma sakamakonsu ya fi kyau bayan girbi, kuma bambancin abinci bai isa ya bayyana tazarar ba. Lissafin bashi ne ke cinye hankali. Don haka mai koya wa yaro ɗinki ko walda ya tsayar da kuɗin abinci da na mota, adadi sananne a rana sananniya. In yau an ba shi, gobe sai yadda maigida ya tashi, hankalin yaron yana kan fuskar maigida, ba kan keken ba.

Malama Zulai: Dakta, kada a ɗauka kuɗi ne ke haifar da himma. Sai miya ta ƙare ake sanin maci tuwo. A 1973 wani mai bincike, Lepper, da abokansa sun yi wa yara masu son zane alƙawarin lambar yabo; daga baya, da babu lambar, suka rage zanen. Waɗanda aka ba su lambar ba zato sha'awarsu ba ta ragu ba. Alƙawarin tun farko shi ne ɓarnar, domin yana mai da abin so ya zama ƙwadago. Masanan halayyar ɗan Adam Deci da Ryan sun ce abu uku ke riƙe himma: zaɓi, jin ana ƙwarewa, da kusanci da mutane. A ba yaron zaɓi tsakanin ayyuka biyu, a ɗora masa wanda ya ɗan fi ƙarfinsa, a nuna masa ainihin inda ɗinkin ya karkace maimakon "ba ka iya ba".

Malam Sabo: To Malama, ashe kowane karin magana da muhallinsa. Na farko maigidan da ke hana kuɗin abinci ake faɗa wa. Naki kuwa ba zan faɗa wa yaron da bai karya kumallo ba, sai an fara biyan haƙƙinsa.