Neman shawara: ina son haɗa ƙaramin jirgin ƙasa na sikelin Z a ciki da falo a Agege

Baban Hanifa, Agege

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shawara nake nema, musamman daga wanda ya taɓa riƙe abin nan da hannunsa.

Mahaifina, Allah ya jiƙansa, ma'aikacin reluwe ne. A Zariya ya fara aiki, aka dawo da shi Ebute Metta, a nan ya yi ritaya. Mun taso yana jero mana tashoshi daga Iddo har Kano kamar karatun allo: Agege, Abeokuta, Ibadan, Oshogbo, Offa, Ilorin, Jebba, Mokwa, Zungeru, Minna, Kaduna, Zariya. Har yau in na ji ƙarar jirgi da asuba shi nake tunawa. Shekara biyu ke nan ina da burin in haɗa ɗan ƙaramin layin dogo a gida, da jirgi mai tafiya da lantarki, in gina tsohuwar tashar Agege yadda na santa ina yaro, da masu tallan burodi da rumfunan kwano a gefen dogo.

Matsalata wuri. Ciki da falo muke, ni da maiɗakina da yara uku. Abin da na samu kawai saman wata kabad ce, tsawonta santimita 90, faɗinta 50. Na ga bidiyoyi da yawa a YouTube na wani sikeli, wato ma'aunin girman ƙaramin jirgi, da ake kira Z, har wani ya haɗa gari guda a cikin jakar hannu, kuma na lura kwanan nan masu yinsa sai ƙaruwa suke. Na kuma ji akwai N, akwai T wanda ya fi Z ƙanƙanta. Wanne zan kama? Zai jure laimar Legas? Ya zan yi da wutarmu? Kuɗin da na tara ba na son in zuba shi a abin da zai mutu cikin wata uku.

Mai gyaran waya, Ikeja

Wa alaikumus salam Baban Hanifa. Allah ya jiƙan Baba. Ina da Z shekara huɗu ke nan, bari in fara da lissafi don shi ne zai raba gardama.

Z na nufin an rage jirgin gaske sau 220. Tsakanin ƙarafan dogon nan biyu milimita 6.5 ne kacal. Kamfanin Märklin na Jamus ne ya fito da shi a 1972, suka sa masa harafin ƙarshe saboda a ganinsu ba za a ƙara yin wanda ya fi shi ƙanƙanta ba. N kuwa sau 160 ne, dogonsa milimita 9. HO, wanda ya fi kowanne yawa a duniya, sau 87 ne, dogonsa milimita 16.5, wannan ka cire shi a lissafinka, kabad ɗinka ba za ta ɗauke shi ba.

Abin da ke cin wuri ba tsawon jirgi ba ne, kwana ce. A Z akwai kwanar da in ka haɗa ta zagaye guda faɗinta santimita 39 ne. Ka ga ta zauna a kan 50 ɗinka har da ragowar wurin shuka itatuwa a gefe. A N kwanar da aka saba da ita tana cinye santimita 50 ko fiye, sai dai ka nemi matsattsiya, ita kuma dogon tarago ba ya kyan gani a kanta, sai ka ga cikinsa ya leƙo waje. Taragon fasinja mai mita 20 a Z wajen santimita 9 ne, wato kamar ɗan yatsanka manuni. Kan jirgi da tarago huɗu za su tsaya a tasharka ba tare da wutsiya ta shiga kwana ba.

Dalilin da ya sa kake ganin ana ta komawa ga Z shi ne irin naka: gidaje sun matse, ba a Legas kaɗai ba. Sannan da can kusan kamfani ɗaya ne ke yinsa, yanzu akwai Rokuhan na Japan, akwai American Z Line a Amurka. Injinan yanzu ma sun fi na da iya tafiya a hankali ba tare da fizga ba. Ga kuma na'urar nan mai fitar da abu da roba daga zanen kwamfuta, wadda ta sa mutum zai iya buga gininsa da kansa.

Amma fa in gaya maka gaskiya, Z ba ya yafe datti. Kan jirgin ba shi da nauyi, wuta kuma ta dogo take bi ta shiga tayoyi. Ƙura 'yar kaɗan ta kwanta, sai ka ga ya tsaya cak fitila ta mutu. Ranar da na fara buɗe nawa da hantsaki a ƙarƙashin madubin aikina, zaren kafet guda ɗaya na samu ya nannaɗe a giya, siririn da da kyar ido ke ganinsa, shi ya hana shi motsi kwana biyu. Tun daga nan kafin in kunna sai na jiƙa ɗan farin ƙyalle da sifirit irin wanda muke wanke allon waya da shi, in bi dogon da yatsa. Kada ka kuskura ka sa masa takardar goge katako, za ta kankare shi ya riƙa tara datti fiye da da. Mai kuma ɗigo ɗaya a bakin allura, irin nasa na musamman, ba man keken ɗinki ba.

Dattijo, Ebute Metta

Ɗana, Allah ya gafarta wa mahaifinka. Ban sani ba ko mun haɗu, amma duk wanda ya ci abinci a reluwe ɗan'uwana ne. Jikana ne yake rubuta mini wannan.

Akwai abin da yaron nan na Ikeja bai taɓo ba, kuma a wurina shi ne babba. Wane jirgi kake son ginawa? Jirgin mahaifinka ko jirgin yanzu? Ba ɗaya ba ne. Tsohon layin da ya tashi daga Legas ya isa Ibadan a 1901, ya wuce har Kano, faɗinsa ƙafa uku da inci shida ne, wato milimita 1,067. Sabon da aka buɗe a 2021 daga Legas zuwa Ibadan faɗinsa 1,435. Ka raba 1,435 da 220, za ka samu 6.5. Ke nan dogon Z hoton sabon layi ne. In ka ɗora jirgin Z a kai ka ce tsohon jirgin Kano ne, wanda ya san aikin zai ga dogon ya yi masa faɗi.

Yanzu ka raba 1,067 da 160. Za ka samu wajen 6.7. Ka gani? In ka ɗora gangar jiki mai girman N a kan dogon Z, ka kusa dacewa da tsohon jirginmu, mai faɗin jiki a kan siririn dogo, yana tafe yana rangaji. Turawa masu son ƙananan layukan dogo suna yin irin wannan haɗin. Sai dai ba a sayar da irin namu a shirye, da hannu ake ƙera jikin a ɗora a kan ƙafafun Z. Aiki ne na haƙuri, ba na mai farawa ba, amma ka sa shi a ranka tun yanzu don kada ka gina tasha ƙarama ka zo daga baya ka rushe.

Kuma kafin ka yanka ko kwali ɗaya, ka zo Ebute Metta cikin harabar reluwe ka shiga Jaekel House. An mayar da gidan wurin ajiye kayan tarihi, akwai tsofaffin hotuna da kayan aiki. Ka ɗauki hoton yadda ake jera tsakuwa da yadda rufin gine-ginen reluwe yake. Ƙwaƙwalwar yaro tana ƙara wa abu girma, hoto ne zai daidaita maka.

Ni a nawa ganin, da kana da wuri N zan ce maka, saboda ido. Shekara arba'in ba ta jimawa take zama sittin.

Maman Ilham, Idi-Araba

Baban Hanifa, kun yi ta maganar milimita, ba wanda ya tambayi shekarun yaranka. Maigidana yana da irin wannan abin, na san zamansa a gida. Mutum a sikelin Z tsawonsa bai kai santimita ɗaya ba, kamar ƙwayar shinkafa. Tayoyi da ƙugiyoyin haɗa tarago sun fi haka ƙanƙanta. In akwai mai rarrafe a gidan, duk abin da ya faɗo ƙasa bakinsa zai tafi. Autarmu ta taɓa fizgo tarago ɗaya, kafin in taso daga bakin murhu ta ɓalle ƙugiyar, da yatsa na zaƙulo ta daga kuncinta. Ranar ban yi barci ba.

Don haka kafin jirgi, ka fara kai wa kafinta awo ya yi maka akwati mai murfin gilashi ko farar roba mai kauri, da ɗan kwaɗo. Murfin zai tare yara, ya tare ƙurar hunturu da hayaƙin girki. Muna jefa ƙananan ƙunshin nan masu shan laima da ake samu a kwalin takalmi a kusurwoyin akwatin, muna canza su in damina ta yi nisa. Sannan ka zauna da Maman Hanifa ka gaya mata nawa abin zai ci kafin ka saya. In ta san don tunawa da Baba ne, ita za ta riƙa tsare maka shi. Kuma ka ware ranar da za ka buɗe wa manyan yaran su riƙe makunnin da kansu, in ba haka ba za su buɗe a bayan idonka.

Ɗan Mile 12

Malam, ka kula da wuta, a nan na ƙone. Z ba ya son abin da ya wuce bolt 10, na N kuwa har 12 yake kaiwa, don haka kada ka ce za ka yi amfani da na'urar sarrafa gudu ta N. Na biyu, kayan da aka yi don kasuwar Japan na wutar 100 ne, na Amurka 120, mu kuwa 230 muke. Na sayi wani na hannu ta intanet, ban karanta jikin taransifomar ba na soka, ko minti ɗaya ba a yi ba wari ya tashi. Ka duba a rubuce cewa tana ɗaukar 100 zuwa 240, ko ka sayi wadda aka yi don Turai. Kada ka kunna da janareto kai tsaye. Akwai na'urorin sarrafa gudu masu aiki da ƙananan batura, ni yanzu ita nake amfani da ita, ko an ɗauke wuta jirgina yana tafiya.

Ɗalibi, Yaba

Baba, game da T da kuka tambaya: sau 450 aka rage shi, dogonsa milimita 3, daga Japan ya fito, ya shiga kasuwa a 2007. Saboda rashin nauyi, tayoyinsa maganaɗisu ne, dogon kuma ƙarfe ne da maganaɗisu ke kamawa. Irin wannan ƙarfen da iskar teku ba sa shiri. Dogon Z da N ba ya tsatsa irin haka, sai dai ya dushe a goge. In kuna son ganin gada mai tsawo irin ta Jebba daga nesa, T ya dace. Amma tashar Agege da kuke son a gane mai burodi da mai shayi, a T ba za a ga komai ba sai ɗigo.

Mai gyaran waya, Ikeja

Na yarda da Baba Dattijo a kan lissafin dogo, ban taɓa kawo shi a raina ba, Allah ya ƙara girma. Amma Baban Hanifa, kada wannan ya sa ka tsaya jira. Ka sayi ƙaramin saiti na masu farawa, kan jirgi ɗaya, tarago biyu ko uku, zagayen dogo da na'urar gudu. Dogon dai shi ne ko ka zauna a Z ko ka koma haɗin da Baba ya faɗa. Ban taɓa cin karo da mai sayar da shi a kasuwannin nan ba, daga waje ake kawowa, don haka ka lissafa kuɗin dako da na kwastan tun farko. In kana da mai dawowa daga tafiya ya fi, duka saitin ba zai cika rabin jaka ba. Ka haɗa da ƙarin ƙugiyoyi da 'yan ƙarafan haɗa dogo, su ne ke fara ɓata. Gine-gine kuwa kada ka saya, na Jamus ne da Japan, ba za su yi kama da Agege ba. Kwalin magani, tsinken sakace da takardar azurfa ta cikin kwalin shayi sun ishe ka rumfar kwano. Yashin bakin ruwa ka wanke gishirinsa, ka tankaɗe da rariya, shi ne tsakuwarka. Ni ban sa mutum-mutumi a tawa ba, na bar tashar kamar da asuba kafin fasinja su fito.

Baban Hanifa, Agege

Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. Hajiya Maman Ilham, kin yi gaskiya, autana wata goma sha ɗaya gare shi. Na karanta wa maiɗakina saƙonki daren jiya, ita ce ma ta ce a fara da akwatin, yau da safe na kai wa kafinta awo. Na ajiye maganar T. Zan sayi saitin Z mai aiki da batir in koyi hannu, amma ba zan manna komai da gam ba tukuna, domin maganar Baba Dattijo ta zauna mini: jirgin mahaifina nake so, ba sabo ba. Ginin tashar zan yi shi da girman N tun yanzu.

Baba, in Allah ya kai mu Asabar zan shigo Ebute Metta bayan azahar da babban ɗana. Akwai wani tsohon hoton mahaifina tsaye a gaban kan jirgi da hularsa ta aiki, zan taho da shi ku duba mini, ko za ku gane wane irin inji ne da kuma tashar da aka ɗauke shi.